Addu'ar da Ta Yi Ɓatan Hanya

A layinsu Baba Hadari ake ce wa kafintan nan, domin tun da matarsa ta rasu, shekara uku ke nan, fuskarsa a haɗe take. Coci ma ya daina zuwa. In 'yarsa malamar makaranta ta yi masa magana, sai ya ce, "Ni da Allah ba mu yi faɗa ba, gaisuwa ce kawai ta yanke."

Wata Litinin da safe yana cikin yanka katako wayarsa ta yi ƙara. Muryar wata tsohuwa ce.

"Autana, ka tashi lafiya? Rufe ido mu yi addu'a."

"Iya, kin yi kuskuren lamba."

"Amin," in ji ta, ta ci gaba abinta. Ta roƙi Ubangiji ya tsare fitarsa da shigarsa, ya albarkaci aikin hannunsa, ya raba shi da taurin kai, cikin sunan Yesu. Ta kashe.

Washegari ma haka. Ya ɗaga murya ya ce shi fa ba ɗanta ba ne, ta ce muryarsa ta dushe, ya sha ruwan ɗumi. Ashe kunnenta ne ya yi nauyi. Ya so ya toshe lambar, bai iya ba, girman kai kuma ya hana shi tambayar 'yarsa.

Kafin mako uku, da ƙarfe takwas ta kusa sai ya ajiye zarto ya kakkaɓe hannu. Ran nan har "amin" ta suɓuce masa, ya waiga ko wani ya ji.

In ta gama addu'a takan ba shi labarin gwiwarta, da na kyanwar maƙwabta, da na ƙofar ɗakinta da ba ta rufuwa sai an sa kafaɗa. Baba Hadari ya jure zancen gwiwa da na kyanwa, na ƙofar ne ya hana shi sakat.

"Iya, ina ne gidan?" ya tambaya da ƙarfi.

"Gidan uwarka ka manta?"

Sai da wata maƙwabciyarta ta karɓi wayar ta yi masa kwatance.

Ya sami tsohuwar a ƙaramin ɗaki, kan kujerar roba, Littafi Mai Tsarki mai manyan haruffa a cinyarta. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Wannan ba autana ba ne. Autana ba shi da sanƙo."

Maƙwabciyar ta nuna masa lambar da ɗan, direban babbar mota, ya rubuta a bango da fensir. A rubutunsa, ɗaya da bakwai kamar tagwaye suke. Ta ce duk Lahadi in ya kira sai sun yi rigima da tsohuwar: shi ya ce ba ta taɓa kiransa, ita ta ce kullum tana kira, ya ɗauka ruɗin tsufa ne.

Da tsohuwar ta gane, ta yi dariya har da hawaye. "Wata biyu ina juye addu'a a kan ɗan mutane."

"To, Iya, sai a mayar wa mai kaya kayansa."

"Idona ne ya yi rauni, Wanda nake roƙo yana gani garau. Uwarka na da rai?"

Ya girgiza kai.

"Matarka fa?"

Ya zauna a bakin gado. Abin da bai taɓa faɗa wa 'yarsa ba, ya faɗa wa tsohuwar da rabin maganar kawai take ji: jinyar, da yadda ya roƙi Allah bai ga amsa ba, da kujerar da ya fara yi wa matarsa ya kasa ƙarasawa. Ta riƙe hannunsa har ya gama.

"Ubangiji yana ƙaunarka, ka ji? Shi ba mai surutu ba ne irina, amma aikinsa yake yi. Tashi ka duba mini ƙofa."

Gindin ƙofar ne ya sha ruwa ya kumbura. Ya cire ta, ya rage, ya mayar, ya sake rubuta lambar ɗan da manyan haruffa. Kafin ya fita ta ce ranar Lahadi ya zo ya kama mata hannu, matakalar cocinsu ta fi ƙarfin gwiwarta.

Ya zo, cikin rigar da ta daɗe a akwati, 'yarsa na biye tana danne murmushi. Iya tana waƙa tana riga kowa kaiwa ƙarshen baiti, shi ma ya buɗe baki a hankali. Sai dai bencin da suka zauna yana rawa, rabin wa'azin ya yi shi yana leƙen ƙafafunsa.

Da aka tashi ya tari fasto a bakin ƙofa. "Fasto, bencin can zai kayar da mutum. Zan zo da guduma ranar Talata."

Fasto ya kama hannunsa da hannu biyu. "Baba, ka taho da ƙusa da yawa. Irinsa goma sha huɗu ne."