Diddigen Hagu

Idan idon mutum ya ga abin da ba wanda ya gani, wa ya fi haƙƙi a kansa: garin da ya shekara talatin da ɗaya yana sauraronsa a rediyo, ko yaron da ya yi rainonsa da hannunsa? Ba wanda ya taɓa warware wannan a Tallahala, kuma Cleophus Tarver ma bai warware ba a safiyar wannan Juma'ar, lokacin da ya mayar da bidiyon baya karo na tara.

Yana zaune a teburin kicin, tabarau a karan hanci, kofinsa ya huce tuntuni. A allon, 'yan wasan ƙwallon zari-ruga na Jami'ar Pine Hollow sun jeru cikin rigunansu ruwan goro, sun duƙa suna jiran a saki ƙwallo. Bai kula da mai jifa ba. Lamba saba'in da huɗu yake kallo, ƙaton da ke ƙarshen layi ta hagu, wanda aikinsa shi ne tare duk mai son zagayowa ya afka wa mai jifa ta baya.

Diddigen hagun yaron ya ɗaga daga ƙasa, bai fi kaurin yatsa ba. Sai aka yi jifa.

Ya matsa gaba. A wannan karon diddigen yana manne da ciyawa. Sai aka ruga da ƙwallon a ƙasa.

Cleophus ya ja layi a takardarsa. Wasa huɗu ya bi, tun daga Oktoba da yaron ya gurɗe a idon sawu. Sau arba'in da ɗaya diddigen ya ɗaga, sau talatin da takwas jifa aka yi. Duk wanda ya san wannan, ya san abin da Pine Hollow za ta yi tun kafin ta yi.

"Ka bar yaron nan ya huta mana, ko a talabijin ne," in ji matarsa Earline, tana juya wainar ƙwai a kasko.

"Aiki nake yi."

"Aiki! Ga lambar wayarsa can manne a firij, shekara uku, har takardar ta yi ja. Gobe ne wasan da ya fi kowane girma a rayuwarsa. Ka kira shi ka ce Allah ya ba da sa'a, harshenka ba zai faɗi ba."

"Ba ni da abin da zan ce wa ɗan Pine Hollow."

"Ɗan Pine Hollow ne ya yi maka fitsari a cinya ranar Ista, kana zaune a layin gaba a coci?"

Bai yi dariya ba. Abin da ya sa ta sauke kaskon ke nan, ta zo ta tsaya a kansa. Shekara arba'in da shida suna tare, ta san fuskarsa idan ya ga wani abu.

"Me ka gani?"

Ya nuna mata da bakin biro. Sai da ya maimaita sau uku kafin ta gane.

"To ai magana ta ƙare, ka kira shi yanzu."

"Da garina zai kara gobe, Earline."

"Me kake nufi? A rediyo za ka faɗa?" Ta dafa teburin da hannu biyu. "Cleophus Tarver, idan ka tona jikana a rediyo, a gareji za ka yi Kirsimeti."

Ya naɗe takardar, ya sa a aljihun koriyar rigarsa, ya ɗauki makullin mota.

Cleophus bai taɓa shiga ajin jami'a ba. Motar ɗaukar 'yan makaranta ya tuƙa har ya yi ritaya. Ƙwallo kuwa da ido ya koya, daga tsofaffin kaset da masu horarwa ke zubarwa, yana kallon ƙafafu lokacin da kowa ke kallon sama. Haka ya koya wa jikansa Tavaris tsayuwa a bayan gida, tun yaron yana shekara tara, bayan uwarsa ta kawo musu shi ta tafi aikin jinya a Memphis. Yana sha biyu wannan diddigen ya fara ɗagawa. Rani guda suka yi suna fama, Cleophus yana durƙushe a ciyawa yana cewa "Sake," har diddigen ya kwanta.

Ranar da 'yan sakandare ke bayyana jami'ar da suka zaɓa, an jera hulunan jami'o'i uku a tebur a ɗakin wasannin makaranta, gari duk ya hallara. Tun mako guda kafin nan Cleophus ya faɗa a rediyo cewa jikansa gida zai zauna. Tavaris ya miƙa hannu, ya tsallake koriyar hular Tallahala, ya ɗauki mai ruwan goro, ta Pine Hollow. Daga baya aka ji dalili: a Tallahala a benci za a ajiye shi shekara biyu, Pine Hollow kuwa ta ba shi gurbin hagu nan take. Dalilin mai kyau ne, Cleophus ya sani. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne yaron bai faɗa masa ba, ya bar shi ya ji tare da kowa.

Babban titi ya zama kore tun daga gidan mai har coci. An rubuce gilasan shaguna da farin fenti, har ma da na mai sayar da akwatin gawa. Tun da aka kafa Jami'ar Tallahala ba ta taɓa shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale na ƙasa ba sai bana, ga shi kuma a gida za a buga. Mutane suna ta yi masa hon, yana ɗaga musu yatsa biyu daga kan sitiyari.

A hanya ya auna abin ta kowace fuska. Idan ya faɗa a rediyo, masu horar da Tallahala za su ji, don ba sa rasa shirin. Gobe lamba tara, ɗan wasansu mai farautar mai jifa, zai riƙa wuce Tavaris kamar ƙofa a buɗe, a gaban ƙasa duka, a gaban masu zaɓen 'yan wasa na manyan kulob. Idan ya gaya wa yaron a ɓoye, ya ci amanar mutanen da suka sa masa wannan rigar. Idan kuma ya yi shiru, ya yi wa kowa ƙarya, har da idonsa.

Gidan gasasshen nama na Odessa ya cika har bakin ƙofa. Nan ake gabatar da shirin duk Juma'a da sha biyun rana, cikin hayaƙin haƙarƙari da ƙamshin soyayyar tarwaɗa. Odessa, mai gidan, ta dire masa shayi mai ƙanƙara tun bai zauna ba. Wendell Pickett, mai gabatarwa, ya miƙo masa abin sa wa a kunne.

"Jama'ar Tallahala, ga shi ya iso! Baba Cleo, ka makara minti biyu, har na fara tunanin ka koma Pine Hollow."

"Da na koma ai da sun riga sun ci. Kai dai karanta tallanka."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Da aka gama tallan taya da na maganin sauro, Wendell ya gyara zama.

"To, Baba, gobe ƙarfe uku. Yaya kake ganinta?"

"Wasan agogo ne," in ji Cleophus. Muryarsa ta zauna, kamar kullum idan ya shiga maganar. "Mu masu gudu ne, su masu jifa. Duk mintin da ƙwallo yake hannunmu, mai jifansu yana benci yana jin sanyi. Taku huɗu, taku huɗu, kar mu yi kwaɗayin dogon jifa. Masu tsaron tsakiyarsu ƙanana ne, kafin zango na huɗu sun gaji da karo. Amma idan muka bari suka ba mu ratar maki sha huɗu, dole mu bar gudu mu koma jifa, kuma mai jifanmu, Allah ya yi masa albarka, yaron kirki ne."

"Yaron kirki kawai?"

"Yana gaida manya."

Aka sake fashewa. Wani daga baya ya ce, "Ka ji tsoho da baki!"

"Su kuma fa, ta ina za a kama su?"

"Mai jifansu yana buƙatar daƙiƙa uku. Ka ba shi uku, ya yanka ka. Ka ba shi biyu da rabi, ya jefa wa 'yan kallo. Wasan gaba ɗaya yana cikin wannan rabin daƙiƙar, kuma tana hannun mutum biyu: lamba tara namu, da lamba saba'in da huɗu nasu."

Ba wanda bai san waye saba'in da huɗu ba. Shekara uku Cleophus bai ambaci lambar a iska ba.

Wendell ya yi gyaran murya. "To mun zo ƙarshe, inda kowa ke jira. Baba Cleo, me idonka ya gani?"

Haka ake rufe shirin tun farkonsa: abu ɗaya da ya gani wanda ba wanda ya gani. Akwai makonnin da ya ce bai ga komai ba, kuma gaskiya ya faɗa, shi ya sa ake yarda da shi idan ya ce ya gani. Ya taɓa aljihunsa, takardar tana nan. Bai fito da ita ba.

"Saba'in da huɗu shi ne mai tsaron hagu mafi kyau da na taɓa gani a jami'a," ya ce. "Wasa sha biyu, ba wanda ya taɓa mai jifansa ta gefensa sai sau ɗaya. Hannunsa da ƙugunsa, ba abin gyarawa. Na sani, don ni na gina shi. Sunansa Tavaris Tarver, jikana ne." Ya matso kusa da makirufo. "Amma tun da ya ji ciwo, idan jifa za a yi, diddigensa na hagu yana ɗagawa. Idan gudu ne, yana ƙasa. Lamba tara ya kalli diddigen, ba ƙwallo ba."

Samarin da ke bakin ƙofa suka yi ihu suna buga tebur. Manyan kuwa ba su tafa ba. Wendell ya tsaya baki buɗe har sai da mai kula da na'ura ya yi masa alama, sannan ya rufe shirin a gurguje. Odessa ta zo ta ɗauke shayin da bai sha ba.

"Jininka, Cleo," ta ce a hankali. "Don wasan ƙwallo."

"Ban gama ba tukuna," ya ce, ya miƙe.

A wajen ajiye motoci iska tana kaɗa korayen tutoci. Ya jingina da motarsa, ya ciro waya. Bai buƙaci takardar firij ba. Shekara uku yana karanta ta duk safiya idan zai ɗauko madara. Yatsansa ya yi kuskure sau ɗaya, ya goge, ya sake.

Ta yi ƙara huɗu.

"Kaka?" Muryar ta yi kauri fiye da yadda ya san ta. "Lafiya? Wani abu ya samu Kaka Earline?"

"Lafiyarta ƙalau, ni ne dai zan kwana a gareji. Kana ina?"

"Otal. Yanzu muka sauka daga bas." Yaron ya rage murya. "Kaka, maganar hular nan..."

"Ajiye hula. Diddigenka yana ɗagawa."



"Na hagu?"

"Na hagu. Tun Oktoba. Kana tausayin idon sawun, kana mayar da nauyi baya tun kafin a saki ƙwallo. Kuma yanzu na faɗa wa duk garin nan a rediyo. Lamba tara ya ji, ko zai ji kafin ya gama cin abinci."

"Ka faɗa musu?" Muryar ta tashi. "Haba, tsoho! Me na yi maka haka?"

"Garina ne. Sun tambaye ni abin da na gani, ban taɓa yi musu ƙarya ba."

"To me ya sa kake gaya min?"

"Ni na koya maka tsayuwa. Ba zan zauna ƙasa duka tana kallon aikina a karkace ba. Su sun sani, kai ka sani. Daga yanzu zuwa ƙarfe ukun gobe, wanda ya fi ƙwazo ya ci."

Ya ji numfashin yaron, ya ji an buɗe ƙofa an rufe. Sai ga wata 'yar dariya, irin wadda yake yi yana ƙarami idan an kama shi da hannu a kwanon biskit.

"Masu horarwa goma sha ɗaya gare mu, da ɗaki guda cike da na'urori. Ba wanda ya gani."

"Sama suke kallo."

"Ka iya kunna kyamarar wayar nan, ko sai na turo maka ɗan aike?"

"Kai, kar ka raina ni."

Sai da ya danna wurare uku kafin hoto ya fito. Ga dogon barandar otal, ga kafet mai zanen furanni. Tavaris ya jingina wayar da bango a ƙasa, ya ja baya. Ya yi gemu, wuyansa ya kai faɗin kansa. Ya cire silifas, ya buɗe ƙafafu, ya duƙa, ya kafa yatsun hannunsa a kafet.

"Jifa," in ji Cleophus.

Diddigen ya ɗaga, bai fi kaurin yatsa ba.

Mutane sun fara fitowa daga gidan Odessa, suna wucewa suna satar kallonsa. Cleophus ya gyara tabarau, ya dafa ƙofar mota, ya durƙusa a kan tsakuwa da gwiwa ɗaya, cikin koriyar rigarsa, ya kawo wayar daf da idonsa.

"Sake," ya ce.