Maganin da Ya Zama Ƙanƙara

Kowa a layin ya san Mai Firji da cika baki. Wai in ya taɓa firji, kafin ku gama gaisawa ruwa ya zama dutse. Wannan alfaharin ne ya kusa cinye idon matarsa.

Ita mai kitso ce. Idonta na dama ya riga ya dushe, na hagu kuma ya yi jawur, haske na sukarsa, har ta daina ganin tsagar kai. A asibiti likita ta ce ba ƙwayar cuta ba ce.

"Sojojin jikinki ne ke kai wa idon hari," in ji ta. "Wasu ƙananan sinadaran furotin ke kai musu saƙon ƙarya, wai abokin gaba ya shigo. Wannan allurar za ta toshe bakin 'yan saƙon. A ajiye ta a sanyi."

Sanyi? Ai an zo gidansa. Mai Firji ya cusa kwalin allurar can ƙuryar firiza, ya murɗa ta har ƙarshe, yana jin ya yi wa matarsa gata.

Ranar allura ya miƙa wa likita kwalin yana murmushi. Ta ciro kwalbar da ke ciki ta girgiza, ko motsi ruwan bai yi ba.

"Malam, shi ma maganin furotin ne. In ya daskare ya lalace. Sanyi na ce, ba ƙanƙara ba."

Sabon kwali sai an jira, kumburin ido kuwa bai san jira ba. Kunya da tsoro suka rufe shi, ya kasa kallon matarsa.

"Maigida, daina zumɓura baki," in ji ta a hanya. "Ko ban gani ba ina jin sa."

Kafin maganin ya iso ya gyara wani ɗan ƙaramin firji, ya rataya ma'aunin sanyi a ciki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙara sanyi, ga shi yana koyon rage shi.

Aka fara allura, jan idon ya riƙa washewa a hankali. Wata safiya yana durƙushe yana leƙen ma'aunin, sai ya ji yatsunta cikin sumarsa, suna tsaga ta kamar yadda suka saba yi wa masu zuwa kitso.

"Kai, Maigida! Yaushe ka yi furfura haka?"

Bai ɗago ba, don kada ta ga hawayensa. Yanzu kam za ta iya gani.