Makullin Banɗakin Malamai

Ranar da fitsari ya kufce wa Auta a cikin aji, 'yan ajin suka laƙaba mata Randa Mai Yoyo. Ta dawo gida da siket a jiƙe, ta rantse ita da makaranta har abada.

Uwarta tela ce. Ta yi abin da rashin sani ke sa iyaye yi: ta zage ta tas, ta hana ta shan ruwa da safe. Abu ya ƙara lalacewa. Sai da zazzaɓi ya kwantar da yarinyar aka tafi asibiti.

Nas ta miƙa wa Auta kofin roba mai layukan awo, ta nuna mata bayan labule. Da kofin ya dawo, fitsarin ya wuce layin ƙarshe, ja kamar shayin da ya kwana, zarninsa ya cika ɗakin.

"Wannan mafitsara ta saba ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta," in ji nas. "'Yan mata, a makaranta sau nawa kike zagayawa?"

"Ba na zagayawa, Anti."

"Daga safe har a tashi?"

"Ba wadda take zuwa. Ruwa ma ba ma sha."

Nas ta dubi uwar. "Ke kuma kika ƙara hana ta. Sannu da aiki, Hajiya."

Washegari tela ta rufe shago, ta tafi makarantar. Tun kafin ta ga banɗakin, hancinta ya gan shi. Babu ƙofa, babu buta. Ramin ya cika ya tumbatsa, tsutsotsi suna tafiya a bango, ƙudaje sun yi baƙi a ƙasa. Ta yi amai a gindin katanga. A gefe kuwa ga wani banɗaki mai fenti, da ƙaton kwaɗo a ƙofarsa. Na malamai ne.

Shugabar makaranta ta karɓe ta a ofis, fanka na kaɗawa.

"Maman Auta, yaran yanzu ne ba tarbiyya. Su suke ɓata wurin."

"To, Malama, taso mu je ki nuna min yadda mai tarbiyya ke tsugunawa a can. In koya wa tawa."

Kunya ta sa shugaba ta tashi. Ba ta kai bakin banɗakin ba ta toshe hanci da mayafi, ta juya.

"Numfashi ɗaya ya gagare ki," in ji tela. "Tawa wuni take yi da mara a ɗaure."

Ba a gyara komai ba, kada wani ya yi zaton haka. Shugaba dai ta zaro makullin banɗakin malamai daga jaka. "Ga wannan, na Auta ne ita kaɗai, tunda ba ta da lafiya." Wato sai yarinya ta kamu da ciwo kafin ta cancanci ƙofa. Tir!

Da ta warke, Auta ta koma aji da gorar ruwa a hannu da makulli a wuya. Lokacin tara ta buɗe kwaɗon. Da ta fito, ta tarar da layi har bakin aji, kowace ta matse ƙafafu. A gaba akwai wadda ta fara kiranta Randa.

"Don Allah, Auta," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

Auta ta kalle ta sama da ƙasa. Sannan ta cire kwaɗon daga ƙofar, ta jefa shi cikin ramin tsohon banɗaki.