Sauko Min Daga Kan Kujerar Nan

…kuma da gangan ya yi. Ko ta yi. Ko ma wane ne, munafuki ne, ɗan baƙin ciki, wanda ya ɗauki bidiyon nan ya tura wa Yaya — Yayan da ko hoton kansa bai iya ɗauka ba sai da rabin yatsa a ciki — shi kuma ya kwashi ƙafa ya kai wa Inna har ɗaki. Me na tsare muku? Kujera nake sayarwa, ba ƙwaya ba!

Ga ta nan kuma, wayar. Sai rawa take a kan bencin aiki, cikin garin katako, ta kusa faɗowa… Wata mata na son huɗu. Wani mai gidan abinci yana tambayar dozin. Dozin! Ni? Ni da nake wuni ina korar ƙuda da zarto? Tsaya, tsaya, ga wani — wai malam kafinta, irin wadda tsohuwar ta zauna a kai yake so, ba wata ba. Allahu akbar. 

Ba wanda ya koya min, ba ajin da na shiga. Waɗancan masu koyar da talla a waya, masu farin tabarau da baƙin surutu, wai ka cafke hankalin mutum kafin ya ƙifta ido, wai haske ta gaba, wai kiɗan da ake yayi… duk na yi! Na yi rawa da guduma. Ni, da gemuna. Na ɗora wa kujera buhun siminti, na sheƙa mata ruwa, na sa mai walda na kusa da ni, ƙato kamar firji, ya yi tsalle a kanta. Wa ya kalla? Ni da matata. Ita ma don ta samu abin tsokanata ne.

Sai shekaranjiya. Na jingina wayar da gwangwanin fenti tana ɗauka, na haye kujera da ƙafa biyu, ina ta ihu, ƙarfi! inganci! — ashe ƙofa ta buɗe. Inna, da kwanon abincina a hannu. "Sauko min daga kan kujerar nan, sakarai, ka girma ba ka san ka girma ba." Na sauko, ya zan yi? Ta kaɗe wurin da gefen mayafi, ta zauna a hankali saboda ciwon bayan nan nata… ta jingina. Ta lumshe ido. "Af. Wannan kam ta san bayan tsohuwa." Shi ke nan fa! Shi ke nan! Abin da na yi ta nema da rawa da siminti, ita ta faɗe shi tana hararata.

Da na kalli bidiyon bayan ta tafi, nan take na gane. Zinariya na riƙe. Kuma na sani — eh, na sani, kar wanda ya tuna min — Inna ba ta hoto. Ranar aurena bayan ƙyaure ta maƙale. Na katin shaida ma sai da aka yi kamar za a ba hammata iska. Wai fuskarta ba ta kasuwa ba ce. To amma wa zai gani? Ni da matata? Na manna lambata a ƙasa, na danna.

Wayar kuma! Kamfani! Wani kamfanin katifa, wallahi, da tambarinsu da komai… wai suna son aiki da Mama, za su turo mota da masu kyamara. Ina ganin allon shagona, babba, mai wuta. Injin yanka nawa na kaina, in huta da aro da kallon banza. In fasa bangon nan in haɗe da shagon gefe, yara masu koyo reras, ni ina nuni da baki kawai… Inna a sabon ɗaki, fanka sama, fanka ƙasa —

"Ka cire ni daga wayar mutane." Da safen nan. Ba ihu. Ina ma ihun ta yi. Tana ninke sallaya, ko inda nake ba ta duba ba. "In na idar da la'asar ba ka cire ba, kayana na gidan yayanka. Kuma kar ka biyo ni da gaisuwa." Yaya a bakin ƙofa, hannu a ƙirji, sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare. Shi da ko sunan maganin bayanta bai sani ba!

Inna, ki saurare ni mana. Ba zagin ki suke ba. Bari in karanta miki… wannan wai kin tuna masa da mahaifiyarsa. Wannan, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Wani ƙato har kuka ya ce ya yi. Son ki suke, Inna, duniya guda! To… akwai wanda ya ɗora muryarki a kan kyanwar da ta hau tebur. Akwai wadda ta ɗora wa mijinta. Ɗazu a bakin titi direban tasi ya leƙo ya ce wa wani mai babur sauko min, sakarai — na yi dariya. Allah ya yafe min, har da riƙe ciki.

Goge. Ga shi nan, jan rubutu. Dannawa kawai. Yatsana duk gam…

Tsaya. In na goge, me zai gogu? Nawa. Nawa kaɗai, mai lambata a ƙasa. Na kyanwa yana nan. Na mijin yana nan. Wanda wani ɓarawon mai kujerun roba ya yanke lambata ya liƙa tasa, yana nan yana ta yawo. Fuskarta ta riga ta shige aljihun mutanen da ko sunana ba su sani ba. Ita a tunaninta hoto ne a bango, a zare ƙusa a sauke… Sai in goge, in miƙa mata wayar, Inna duba, babu, ta ce Allah ya yi maka albarka. A kan ƙarya? Albarkar za ta kama ni kuwa? In kuma na bari — dozin, kamfani, inji… da ɗakinta wayam, ba sallaya, ba warin man zafi, ba mai ce min sakarai a duk gidan.

Kiran salla ne wancan, ko injin mai walda? Kunnena ya daina rarrabewa. Ƙafata ta gaji, bari in zau— a'a, ba a kan wannan ba. Ba a kan wannan ba.

Wayar na rawa. Wai yaushe za a saki na biyu.

Kai kuma mai saurarona, da kake girgiza min kai, kana cewa in kai ne ko tunani ba za ka tsaya yi ba… bari bidiyon ya faɗo a wayarka. Tsohuwa, mayafi, harara, sakarai. Dariya za ka yi, kuma kafin dariyar ta ƙare ka riga ka tura wa ƙanwarka, ba ka taɓa tambayar uwar waye ce ba. Ce ƙarya nake. Ce mana!