Gaisuwar da Direbobi Ke Yi wa Injiniya

Tun da Baba ya ga sababbin fitilun motar babban ɗansa hankalinsa ya ƙi kwanciya. Farare ne tas masu ratsin shuɗi, in an kunna su har tsakuwar ƙasa sai ka ƙirga. Ɗan, wanda gidan ke kira Injiniya saboda son kwance-kwancen kayan wuta, ya kawo matarsa da jaririyarsu wuni. Ga rana ta faɗi, ga hanyar gidansu siririya, mota na zuwa mota na tafiya, babu shinge a tsakani.

"Baba, ka daina damuwa," in ji Injiniya yana shafa gaban motar. "Tun da na saka su na yi farin jini. Duk direban da muka haɗu sai ya ƙyafta mini fitila. Har manyan motoci gaishe ni suke."

"Kai kuma sai ka yi me?"

"In amsa mana! In ɗaga musu babbar."

Mama ta tafa hannu daga bakin ƙofa. "Gaisuwa? Da za ka ji abin da suke faɗa a cikin motar, da ni za ka fara ba haƙuri."

Baba bai yi dariya ba. Direban da aka kashe wa ido yake tunani, wanda zai karkato ya faɗo wa motar da jikarsa ke ciki. Ya miƙa hannu. "Kawo makullin."

Ya ɗauko gajeriyar kujerar Mama, daidai tsayin mazaunin direba, ya kai can ƙarshen layi, ya zaunar da ɗansa yana fuskantar motar. Da ya dawo ya yi wa Mama raɗa, ita kuma ta shiga ta isar wa surukarta. Sannan ya kunna fitilun.

Injiniya ya kare fuska da hannu.

"Sauke hannun," Baba ya ɗaga murya. "Direba da sitiyari yake riƙe. Ƙaramar ce fa, ban ɗaga babbar ba. Wa ke tsaye a gefen mota?"

Injiniya ya runtse ido, ya leƙa dama, ya leƙa hagu. "Ba kowa."

"Ka tabbata? Da kai ne da mota, nan za ka kauce?"

"Fili ne, Baba. Nan zan bi."

Baba ya kashe fitilun. A daidai wurin matar Injiniya ce tsaye, jaririyar a kafaɗarta tana tsotsar yatsa.

 Injiniya ya taso a hankali, har yanzu yana murza ido, ya karɓi 'yarsa ya rungume. Bai kalli kowa ba ya ce, "Tsofaffin ƙwayayen fitilar suna cikin but ɗin motar."

"Na sani. Ɗauko su, zan riƙe maka tocila."

Suka mayar da su, Baba ya sa aka haska bango aka sauke hasken har ya kwanta ƙasa.

"To, Injiniya, yanzu wa zai gaishe ka?" in ji Mama.

Baba ya raka su bakin titi, ya tsaya yana kallo har suka hau hanya da fitilu a kunne. Wata motar kaya ta taho, ta wuce su salin-alin, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ya juya gida ya ce a zubo masa abinci.