Madarar da Inna ta Roƙa

Tun da aka sallamo Inna daga asibiti ba ta sa abin kirki a cikinta ba. Ciwon huhu ne ya kwantar da ita. Likita ya ce da sauƙi, amma tarin bai sake ta ba, numfashinta kuma yana fita da wata 'yar ƙara kamar ana jan ƙofa mai tsatsa. Duk abin da aka kawo sai ta kau da kai. Madara mai ɗumi kaɗai take nema, ita kuwa Yaya, babbar 'yarta, ta hana. A cewarta madara majina take ƙarawa ta toshe ƙirji, haka ta taso tana ji, kuma ba za a yi gwaji a kan uwarta ba.

Ran nan da rana Auta ya rufe shagon askinsa ya zo ya karɓi Yaya, don ta je kantin magani. Magidanci ne da mata da 'ya'ya, amma har yau in Yaya ta kafa doka bakinsa mutuwa yake yi.

Ƙofa na rufuwa Inna ta yafito shi. Da ta ɗaga hannu sai awarwaronta ya zame har gwiwar hannu, ya ga yadda ta rame.

"Auta, yunwa nake ji," ta ce a hankali. "Kai ma hana ni za ka yi?"

Ya yi ta kame-kame, ya ambaci shayi, ya ambaci romo, ita dai kallonsa kawai take yi. Bai san lokacin da ya shiga kicin ba. Ya dama madarar a ƙaramin kofi, ya ɗiga a bayan hannunsa ya ji ɗuminta, kunnensa na ga ƙofar gida.

Tana kishingiɗe ta karɓe kofin da hannu biyu ta kafa kai. Ya ce ta bi a hankali, ba ta saurare shi ba. Sai ta ƙware. Tari ya sarƙe ta, madara ta biyo ta hanci, idanunta suka firfito. Ya tayar da ita zaune yana bubbuga bayanta yana kiran sunan Allah, ita kuma tana damƙar rigarsa, tana buɗe baki iskar ta ƙi shiga. Leɓenta ya fara sauya launi.

A haka Yaya ta shigo. Ta dubi Inna, ta dubi kofin da ya kife a kan zanin gado. Ta watsar da ledar magani, ta kama kafaɗa ɗaya, ya kama ɗaya, suka yi waje da ita.

A cikin tasi Auta ya riƙe Inna a ƙirjinsa yana jin kowane numfashi yana fita da ƙyar. Suka tarar da cunkoso a mahaɗar titi. Direba ya danna oda har ya gaji, Yaya ta leƙa ta taga tana roƙon masu motoci su ba da hanya. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ta kalli ƙanenta ba, hakan kuwa ya fi masa zagi ciwo.

A asibiti aka ɗora Inna a gado mai taya, aka sa mata abin shaƙar iska, aka ja labule. Su biyun suka zauna a benci, da tazara a tsakaninsu. Da likita ya fito Yaya ta riga Auta magana, ta ce madara aka ba ta. Likitan bai tsaya a kan wannan ba, ya tambaya a zaune ta sha ko a kwance.

"A kishingiɗe," in ji Auta.

Likitan ya ce to nan matsalar take, ko ruwa ne haka zai bi ta hanyar iska. Madarar ba ita ke kawo majina ba, yawu take sa ya yi kauri a maƙogwaro, kuma shi rashin cin abincin ya fi tayar masa da hankali. Za su riƙe ta su ga ko wani abu ya gangara huhu, don in zazzaɓi ya taso magana ta canza.

Zazzaɓin bai taso ba. Washegari Auta ya iso da kayan sawa ya tarar Yaya ta jingina Inna da matasai, tana ba ta madara da ƙaramin cokali, tana jira ta haɗiye kafin ta ƙara. Ya gaida Yaya, ta amsa a taƙaice, ta ce ya matsa yana tare musu haske. Inna kuwa ta yamutsa fuska ta ce sukarin bai ji ba.