Yashin Baban Tukwane

"Wannan ai gari ne, ba yashi ba," in ji Baban Tukwane daga kan katifa, yana murza abin da matarsa ta zuba masa a tafi. "Mai tsakuwa na ce, na bakin rafi. Wannan toshe tukunya zai yi, saiwa ta ruɓe."

Dubiya na shigo. Mutum numfashi na fita da ƙyar, amma bakin tsegumi bai mutu ba.

Tun ina amarya muke maƙwabtaka, ban taɓa ganin ranar da mutanen gidansa suka kai furanninsa gata ba. Yashi sai an tankaɗe, an wanke har ruwan ya fito garau, an shanya, kafin ya yarda a gauraya da ƙasa da taki. Nasa nuni da yatsa ne kawai. Matar ce mai ɗebo ruwan, har bayanta ya ranƙwafa. Na taɓa roƙon cikin gwangwani, ya ce rafin bai ƙaura ba.

"Yaya, ki bar yashin nan ki zauna kusa da shi mana," na ce mata.

"Ƙyale ta ta ƙarasa," ya ce. Ya juya gare ta. "Ki yi mini alkawari, ko bayan raina ba za ki bar tukwanen nan su lalace ba."

Na kasa kunne in ji ya nemi yafiyarta. Ko alama! Takaici ya cika ni. Ita kuwa ta ɗauki rariya ta fita.

Tana tsugune tana ɗauraya ya cika. Da ƙaninsa ya fito ya gaya mata, ta yi salati, ta tsiyaye ruwan, ta miƙe a hankali.

Washegari aka yi ruwa, ƙofar gida ta zama caɓi, masu gaisuwa sai tsalle suke da takalma a hannu. Matar ta jawo buhunan wankakken yashin da ya tara ta zazzage su kaf a cikin taɓon.

"Haba Yaya, yashin marigayi ne fa!" in ji ƙanin.

"Mai tsakuwa ne," ta ce. "Yana tsane ruwa."

Ta koma tabarma ta jingina bayanta da bango, tana kallon sawun mutane a kan yashin.